Rabin Magana a Zauren Waya

A shekarata ta uku a Alƙahira ina zaune a unguwar Hay el-Sabi', hawa na huɗu, a wani gida mai ɗaki biyu da muka kama mu huɗu. Biyu daga cikinmu ba su da hannu a wannan labarin, don haka zan bar su su huta. Wanda ke ciki shi ne abokin ɗakina, wani Badamagare dogo mai ƙarancin magana, ɗalibin likitanci. Ni Bakano ne, Usuluddini, fannin tushen addini, nake karantawa, kuma duk wanda ya san tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san ba a rasa tsokana. Tun bai iya riƙe allura ba nake kiransa Likita, shi kuma yana kirana Shehi tun ina tuntuɓe a nahawu. In ya ga na ƙara abinci sai ya ce Bakano ko a tukunya sai ya nemi riba.

Likita mahaddaci ne. A ƙasan gininmu akwai zawiya, ɗan masallacin da bai wuce sahu huɗu ba, kuma ba shi da tsayayyen limami. Tun kafin in zo gidan shi ke jan magariba da isha'i duk ranar da yake nan. Mai gadin ginin da mai kantin ƙasa, Misirawa, su suka fara tura shi gaba, ɗalibanmu na gine-ginen kusa suka bi. Babu abin da yake ji da shi a duk ƙasar Masar kamar wannan tsayuwar. Ya taɓa gaya mini cewa a makarantarsu kallon ustazu ake masa, ustazai kuma suna masa kallon ɗan boko, zawiyar nan ce kaɗai ba a tambayarsa ɓangaren da yake.

Muna da wani zaure a waya, guruf ɗin 'yan arewa da 'yan Nijar masu karatu a Masar. An buɗe shi ne don sanarwar takardar zama, da cigiyar ɗaki, da neman mai tafiya gida a ba shi saƙo. A hankali waɗanda suka gama suka koma gida suka riƙa sako ƙannensu da abokansu, mutanen da ba su taɓa taka Masar ba, har wurin ya zama kasuwa. Likita ya daɗe da fita daga ciki. Ni kuwa ina nan tsamo-tsamo, don ina son musu, kuma a lokacin ina ganin ba a taɓa kayar da ni ba.

Wata Talata wani mutum da ba mu san fuskarsa ba, aka ce yana karatu a Turai, ya saka hoton nan na biri yana tafiya yana miƙewa har ya zama mutum. A ƙasa ya rubuta: "Malaman Masar, mece ce amsarku? Ban da zagi." Zagin kuwa shi ya fara isowa. Wani ya saka hoton biri da hula ya ce ga kakan mai tambaya. Wani ya ce in gaskiya ne me ya hana biran gidan zu su zama mutane. Wani ya yi ta jero addu'ar neman tsari kamar an ga maciji a ɗaki. Tambayar ba ta ɓata mini rai ba, amsoshinmu ne suka ɓata mini. A ce ɗaliban ilimi cike da zaure, a rasa mai magana ɗaya da za a iya nunawa a gaban mutane.

A lokacin ina zuwa wani darasi na sa-kai a unguwar Darrasa, wajen wani dattijon malami Bamisire da ke koyar da ladubban munazara, wato yadda malamai ke muhawara, a wani ɗaki da ke saman kantin littattafai. Ƙa'idarsa ɗaya ce, yana maimaita ta har ta gundure mu: ba ka da izinin rushe maganar abokin hamayya sai ka fara gina ta, ka faɗe ta da kyau har shi mai ita ya ce lallai abin da yake nufi ke nan. Haka magabata ke rubutu. Marubuci zai ce "in an ce," ya zuba hujjar abokin hamayya shafi guda har gabanka ya fara faɗuwa, sannan ya ce "sai mu ce," ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya warware. Ɗaliban fanninmu sun saba da wannan har ba sa lura da shi. Ni sabon shiga ne, kaina ya kumbura, na ƙudurta sai na nuna wa zauren nan yadda ake yi.

Matsalar ita ce ban san hujjar mutanen ba. Abin da na sani game da taɗawwur, kamar yadda Larabawa ke kiran wannan ra'ayi na sauyawar halittu, bai wuce hoton birin ba. Ran Laraba bayan la'asar na sami Likita a kicin yana dafa shinkafa da wake.

"Likita, so nake ka koya mini maganar birin nan."

"Wane biri? Na daji ko na Kano?"

Na yi masa bayanin abin da ke faruwa a zauren da abin da nake son yi. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya rage wuta, ya goge hannu a jikin wandonsa.

"Ni ba na wannan musun a waya, Shehi. Wanda ba ka ganin fuskarsa ba ka san ko tambaya yake ba ko tarko yake ɗanawa."

"Ba kai za ka yi ba, ni zan yi. Kai dai ba ni kayan aiki."

Na yi ta naci, kuma na iya naci. Daga ƙarshe ya ce, "Tamam, shi ke nan. Zan faɗa maka abin da ake koya mana, yadda ake koya mana shi. Amma amana ce. Sunana ba zai shiga guruf ɗin nan ba, ko da wasa."

"Wallahi ba zai shiga ba."

Bai ce in rantse ba, ni na rantse da kaina.

Muka zauna a ƙasan kicin da faranti ɗaya tsakaninmu. Ya ce in fara jefar da hoton, don masu fannin ba su ce mutum daga birin da muke gani ya fito ba, cewa suke akwai wani asali mai nisa da suka haɗu a kansa, kamar 'yan uwan da kakanninsu suka rabu tun da daɗewa. Ya yi mini bayanin ƙwayoyin cuta: a ba su magani, yawancinsu su mutu, 'yan kaɗan masu taurin rai su tsira su hayayyafa, bayan wani lokaci maganin ya daina aiki. Ya ce wannan ba labari ba ne, yana ganinsa a asibiti. Sai ya tambaye ni me ya sa sikila ta yi yawa a ƙasashenmu ta yi ƙaranci a ƙasashen sanyi. Na ce ƙaddara. Ya ce ƙaddara ce, amma tana da hanya: wanda ya gaji abin daga ɗaya cikin iyayensa kawai ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sai ya rayu ya haihu, shi ya sa gadon ya zauna daram a inda sauro yake. A nan na ajiye cokali. A gidanmu mun binne ƙannena biyu saboda sikila, kuma ba wanda ya taɓa ba ni dalilin da ya kama hankalina irin wannan.

"Kai ka yarda da duk wannan?" na tambaye shi.

"Na yarda Allah ne Ya halicce ni, Ya halicci mutum na farko yadda Ya faɗa. Abin da idona ya gani a ɗakin gwaji kuma ba zan ce ban gani ba. Akwai inda na ga sun haɗu, akwai inda ban gane yadda suka haɗu ba tukuna, ina nan ina karatu. Shi ya sa ba na kai shi kasuwa."

Kafin magariba na rubuta kashi na farko a wayata. Ya fito da kyau, ban taɓa rubuta Hausa mai tsabta irin wannan ba. Na saka ƙwayoyin cuta, na saka sikila, na jera komai yadda ko mai ra'ayin ba zai sami abin gyarawa ba. Kashi na biyu, wato raddin, na ɗauka yana nan a kaina. Abin da ke hannuna dai layi uku ne a bayan wata takarda.

Ran Alhamis da safe ina cikin ƙaramar bas zuwa Darrasa, gwiwata a matse da kujerar gaba, na buɗe zauren. Mutumin Turai ya rubuta: "Kwana biyu ke nan, babu amsa sai biri mai hula." Jinina ya hau. Na tura ɗan gajeren saƙo, "In an ce:", sannan na tura dogon rubutun a ƙarƙashinsa. Niyyata in zauna in rubuta raddin nan take, sai ga mu a Darrasa, kuma na makara. Dattijon ba ya yarda da waya a darasinsa, akwai kwando a bakin ƙofa da kowa ke ajiye tasa a kashe. Na jefa tawa ciki ban ji ko ɗar ba. A tunanina duk wanda ya ga "in an ce" ya san "sai mu ce" na tafe. Na manta zauren ba ɗakin darasi ba ne, kuma rabin mutanen ciki ba su taɓa buɗe irin littattafanmu ba.

Sai bayan azahar na kunna wayar, ina tsaye gaban mai suyar ɗa'amiyya, ƙosan Misirawa. Ta yi ta rawa a hannuna ba ta tsaya ba. Wani ya ɗauki hoton dogon rubutun, ya bar ɗan saƙon da ke samansa, ya haɗa da hotona da sunana, ya rubuta cewa ɗan liman, wato ni, ya tafi Masar neman ilimi ya samo biri. Hoton ya riga ya fita daga zaurenmu ya shiga wasu. Mutum biyu ko uku sun ce a jira raddi, amma maganarsu ta nutse. Wani ɗan ajinmu, wanda na taɓa kunyatawa a wani musu kuma bai manta ba, ya san salon sarai, amma ya rubuta cewa wannan ba rubutun mai naƙaltowa ba ne, na wanda abin ya shiga zuciyarsa ne. Wanda ya ƙarasa ni shi ne mutumin Turai. Ya ce, "Na gode, Malam. Ka faɗa fiye da yadda zan iya faɗa." Wannan ita ce shaidar da dattijon ya ce mu nema daga abokin hamayya, kuma ga shi na same ta a gaban kowa.

Na zauna a kan wata matattakala na ciro takardata. Layukan nan uku da na dogara da su suka yi mini kallon banza. Sai a lokacin na gane raddin gaskiya ba aikin minti ashirin ba ne. Sai an raba abin da aka gani da ido da abin da aka gina a kansa, a yarda da na yarda, a tsaya inda ya kamata a tsaya, kuma wannan yana son kwanaki da kwanciyar hankali. Ba ni da ko ɗaya. Na rubuta abin da na rubuta, rabi hujja rabi faɗa, na tura. Ba wanda ya ɗauki hotonsa. Wani ya ce, "Ya ji wuta," aka bi shi da dariya.

Ina cikin bas ɗin komawa, wajen la'asar, kiran Baba ya shigo. Mahaifina limamin unguwarmu ne, kuma ba ya kirana, ni ke kiransa. Na ce wa direba ya sauke ni, na tsaya a gefen titi kusa da wani mai matse rake, na toshe kunne ɗaya da yatsa.

Ya amsa sallamata cikakkiya. Ya tambayi karatu, ya tambayi lafiya, ya tambayi abokan zama, bai tsallake komai ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da a ce da faɗa ya fara.

"An karanta mini wani abu a ƙofar masallaci," ya ce, "a gaban mutane."

"Baba, 'in an ce' ne. Kan maganar aka yanke."

"Na sani. Tun ba a haife ka ba nake karanta irinsu. Amma a littafi, 'in an ce' da 'sai mu ce' bango ɗaya ya rufe su, ba mai raba su. Kai ka kai ɗaya kasuwa ka bar ɗaya a aljihu."

Kafin in buɗe baki ya ƙara:

"Har ciwon ƙannenka ka saka a ciki. Mahaifiyarka ta ji."

Wannan ta soke ni. Ban yi tunanin Umma ba ko sau ɗaya lokacin da nake rubutun, ina can ina jin daɗin yadda jimlolin ke zama.

"Maganar nan ba ta littattafanmu ba ce," Baba ya ci gaba. "Wa ya ba ka ita?"

"A karatu na tsinta, Baba."

"To. Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Gobe Juma'a. Ina son in shiga masallaci kaina a ɗage."

Ya yi sallama ya kashe. Na tsaya riƙe da wayar, ina jin tsoro irin wanda rabona da shi tun ina ƙarami, amma har da ɗan alfahari a ciki, don an tambaye ni kai tsaye ban faɗi sunan ba. Da na saka wayar a aljihu a lokacin na hau mota, da wannan labarin ya zama na dariya. Sai na sake buɗe zauren.

Ɗan ajin namu yana nan yana aiki. Ya ce ɗalibin Usuluddini bai san ƙwayar cuta ba, bai san gadon jini ba, akwai mai hura masa a kunne. In akwai, ya faɗa. In ya ƙi faɗa, to maganar tasa ce. Wani ya sako baki ya ce ai da ɗan likitanci yake ɗaki ɗaya. Ƙofar ta riga ta buɗe, ban ma buƙaci turawa ba. Na danna wurin ɗaukar murya, motoci na ta oda a bayana.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah. Ni naƙaltowa na yi. Abokin ɗakina ne ya zaunar da ni ya faɗa mini duk abin nan, su ake koya wa, shi ya san shi. Ni raddi na zo yi, kuma na yi."

Bai kai minti ɗaya ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma na daɗe ina fakewa da hakan. Amma ban ce ni na same shi a kicin na yi ta naci ba. Ban faɗi amsar da ya ba ni da na tambaye shi imaninsa ba. Ban ce na rantse ba. Ban yi taku goma ba na dawo hayyacina na goge saƙon, sai wani ya rubuta, "Mun ji, Malam, ba sai ka goge ba." Ya riga ya adana, ya sake sakawa.

Nan take iska ta juya. Waɗanda suka zage ni da azahar suka dawo suna cewa dama sun san tarbiyyar gidanmu. Aka yi mini addu'a, aka ba ni haƙuri, aka ce zama da irin waɗannan sai da taka-tsantsan. Zan faɗi gaskiya: abin da na fara ji shi ne sauƙi, kamar an sauke mini buhu daga ka. Ina cikin jin wannan sauƙin na ga wani ya rubuta, "Wai ba shi ne ke jan mu salla a zawiya ba?"

Hawa huɗun nan ban taɓa jin tsawonsu irin na ranar ba. Na sami Likita zaune a bakin gadonsa, ko farar rigar asibiti bai cire ba, wayarsa a kife a kan cinya. Wani ɗan garinsu ya riga ya tura masa saƙon muryata.

"Shehi, ka ci abinci? Akwai sauran shinkafa."

"Likita, ka ji?"

"Na ji. Muryarka ta fita tas, duk da ƙarar motoci."

"Babana ne ya kira. An karanta masa a gaban mutane, gobe kuma Juma'a, ni kuma..."

"Ma'alish, ba komai."

"Zan koma in gyara. In ce ni na roƙe ka, in faɗi abin da ka ce mini game da imaninka, in ce..."

"A ina? A can ɗin?" Ya ɗago ya dube ni a karo na farko. "Khalas, Shehi, a bar shi haka. Duk abin da ka ƙara, rabinsa za su ɗauka."

Bai ce mini Bakano ba, bai tsokane ni ba. Na so ya zage ni, ya tuna mini rantsuwata, ko ya jefe ni da takalmi, in sami abin da zan riƙe. Ya tashi ya cire rigar ya rataye ta. Aka kira magariba, ya shiga ya yi alwala, ya fito ya ɗauki hularsa.

"Ko mu yi a nan?" na ce.

"Me ya sa? Na yi wani abu ne?"

Muka sauka tare, yana gaba ina baya.

Zawiyar ta cika fiye da kullum. Akwai fuskokin da ba a nan suke salla ba, sun taso daga wasu gine-ginen, kuma na san abin da ya kawo su. Ɗan ajinmu yana sahu na biyu. Aka tada iƙama. Mai gadi, wanda bai san komai ba, ya miƙa hannu kamar yadda ya saba ya ce, "Itfaddal ya duktur," wato bismilla, likita. Likita ya yi taku ɗaya.

"Yau dai a bari wani ya ja," in ji ɗan ajin namu, da Hausa don kada Misirawan su ji, "har a gane inda kowa ya tsaya."

Nan ne wurin maganata. Ba waya ba ce, ba wanda zai yanke kan zancen, mutane ne sahu huɗu ina ganin idanunsu suna ganin nawa. Jimla biyu sun isa: ni na roƙe shi, kuma na ci amanarsa. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a musu ba, na tsaya ina kallon shimfiɗa, ina lissafin yadda maganar za ta koma Kano kafin gobe.

Likita bai dubi kowa ba. Ya juyo ya kama wuyan hannuna, ya ja ni gaba a hankali, ya ce wa mai gadi da Larabci yau Shehi ne zai ja mu. Ya koma ya tsaya a bayana daidai, inda mai gyara wa liman karatu ke tsayawa.

Na yi kabbara. Fatiha ta fita lafiya. Na ɗauki wata sura da na haddace tun ina ɗan shekara bakwai, na yi aya uku, ta huɗu ta ɓace. Na koma na maimaita ta ukun, babu. Zawiyar ta yi tsit, ina jin ƙarar fanka. Sai muryarsa ta zo daga bayana, ƙasa-ƙasa, ya ba ni kalma biyu na farkon ayar, ya yi shiru. Na kama na ci gaba. A raka'a ta biyu na sake maƙalewa, ya sake ba ni, da murya iri ɗaya, babu gaggawa babu haushi. Ban san yadda na kai sallama ba. Kunya ta hana ni juyowa in fuskanci mutane yadda liman ke yi. Da na juyo, yana zaune a wurinsa yana tasbihi da yatsu, ɗalibai na zagaye shi suna miƙo mini hannu. Mai gadi ne kawai ya durƙusa kusa da shi yana tambayarsa ko maƙogwaro ne ke damunsa.

Washegari bayan Juma'a Baba ya sake kira. Muryarsa ta saki. An kunna masa saƙon muryata a ƙofar masallacin da aka karanta masa rubutun, mutane sun ba shi haƙuri. Ina zaune a gadona, Likita na gefe yana jera littattafansa a kwali, kuma ɗakin ƙarami ne, ana jin komai.

"Ka nisanci wannan abokin naka," Baba ya ce.

"To, Baba."

"Allah Ya yi maka albarka."

Na ce amin. Likita ya ce in ɗora masa yatsa a kan igiyar kwalin ya ƙulla, na ɗora.

Kafin Asabar zauren ya koma musun ƙwallo. Mutumin Turai bai sami amsarsa ba, ba na jin ma ya jira ta, kuma ban san mutum ɗaya da ya canza ra'ayi a kan halitta saboda abin da aka rubuta a kwanakin nan ba. Hoton birin ya nutse ƙarƙashin cigiyar ɗaki da sanarwar takardar zama. A cikin makon Likita ya koma unguwar Arba wa Nus wajen wasu 'yan garinsu. Ya ce wa abokan zamanmu can ya fi masa kusa da asibiti, kuma ni da shi mun san ya fi nisa. Na je can sau biyu. Ya karɓe ni, ya dafa mini shayi, ya tambayi Baba da Umma, ya kira ni da sunana na yanka. Da aka kira salla muka shiga masallacin unguwar, ya tsaya a sahu na uku cikin mutanen da ba su san yana da hadda ba.

Ni na ci gaba da jan magariba a zawiyar har na gama karatu. Mai gadi bai daina tambayata ba. Yakan tare ni a bakin ƙofa ya ce karatuna ba laifi, amma ina duktur, yaushe zai dawo. Kullum sai in ce masa ya koma kusa da asibiti.